Tsaga Uku a Bayan Fuli

Ku da kuke zaune min a benci kuna latsa waya, tun ɗazu kunnena yana wurinku. Wancan ya ce aikina walda ce kawai, a ba shi baƙin tabarau da sati biyu shi ma ya zama oga. Wannan mai farar rigar da ya dawo hutu daga jami'a kuma yana ta zuba muku bayanin abin da ya sa Kano da Kaduna suka yi mana nisa, mu su Malumfashi da Funtuwa muka tsaya noma musu abin da za su ci. To, ku ɗan kife wayoyin nan. An ɗauke wuta, ba ni da abin yi, kuma maganganun naku biyu a wurina magana ɗaya ce. Wanda bai san ni ba, Haruna nake, injin casar masara nake haɗawa. Mu huɗu ne a layin nan a da. Yanzu ni kaɗai na rage, kuma da hannuna a watsewar layin.

Injin farko da na fara taɓawa na wani manomi ne daga Tsiga. A Funtuwa ke nan, a shagon Baba Lasisi, wani Bayerabe da aikin injinan gurzar auduga ya kawo shi garin tun yana saurayi, ya zauna har 'ya'yansa suka fi ni iya zagi da Hausa. Manomin ya ce injin yana farfasa masa masara, buhu ya fito rabi ƙwaya rabi tsaki. Ni da watana uku a wurin na riga na gama yanke hukunci, na ce gudu ne ya yi wa injin yawa, har na ɗauko sifana. Baba ya sa na buɗe murfi, ya kama hannuna ya cusa a ciki.

"Me ka ji?"

"Ƙarfe, Baba."

"Ƙarfe. Sannu da ƙoƙari. Yatsa nawa suka shiga tsakanin haƙori da rariya?"

Ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar, alhali biyu ya kamata su shige a kwance. Ku gane yadda abin yake. A cikin injin akwai ganga mai haƙoran ƙarfe, tana juyawa a cikin rariya. Masara ta faɗa ta sama, haƙora su ɓanɓare ƙwaya daga totuwa, ƙwaya ta zube ta rariyar, fanka ta hure ƙaiƙayi, totuwa ta fice ta gefe. Ka matse tazarar nan, ka niƙa wa mutum masararsa. Ka sake ta da yawa, totuwa ta fita da rabin ƙwayarta, akuyoyi su yi maka godiya. Kuma ba kullum yatsa biyu ba ne. Masarar da ta sha rana daban, mai sauran danshi daban, mai siririyar totuwa daban. Wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba, a yatsa yake zama.

Sai ita kanta gangar. Ka gama walda haƙoranka tsaf, ka ɗora ta a kan boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da sandarta ke juyawa a ciki, ka juya da hannu ka sake ta. Inda ta tsaya ka shafa alli ta ƙasa, ka sake juyawa. Idan sau uku allin yana komawa ƙasa, wannan gefen ya fi nauyi, kuma ranar da aka tayar da injin zai yi ta rawa har ya cinye boris ya tsinke bel. Baba yakan ɗora kofin ruwa a kan injin da aka gama, ya ce a tayar. Ruwa ya zube, a kwance aikin daga farko, ko da mai shi yana tsaye a ƙofa da amalanke. Akwai injin da na kwance sau huɗu. Ranar wallahi na yi niyyar komawa gida in rungumi fartanya. Kai mai sati biyu, ina fatan kana ji.

A wurin Baba na haɗu da Bitrus. Ɗan Gozaki ne, mahaifinsa mai wa'azi ne a wata ƙaramar majami'a, shi kuwa ko gaisuwa sai ya auna kafin ya amsa. Baba ya dube shi ya ce wannan ba na walda ba ne, na zubi ne, domin zubi ba ya son mai gaggawa. Shi aka koya wa yin fuli, wato faifan ƙarfen nan da bel ke hawa ya juya ganga. Ba fuli, ba inji. Yana da samfur na katako, siffar fulin sak. Zai danna shi a cikin akwatin yashi mai ɗan laka, ya zare a hankali, ramin siffar ya zauna. Ya narka tsofaffin fistin da fasassun kawunan inji a tukunya, da gawayi da zugazugin wilin keke, ya zuba a ramin. Daga nan sai jira. Yashi ya cika danshi, ka ga fuli sumul a waje, cikinsa duk rami kamar burodi. Ka buɗe akwati da wuri, ya tsage. Na sha ganin Bitrus ya dunƙule yashi a hannu, ya buɗe, ya girgiza kai, ya tashi ya bar aikin ranar gaba ɗaya.

Doka ɗaya Baba yake da ita da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: kowa ya sa wa aikinsa alama. Ba don ado ba. Ya ce idan abu ya karye a gona, a san sunan wanda za a zaga. Tawa ɗigon walda biyu ce a ƙarƙashin bakin inji. Ta Bitrus tsaga uku ce da magagari a bayan fuli, can ciki, inda ido ba ya kaiwa sai yatsa.

Da Baba ya yaye mu muka taho Malumfashi tare, muka kama rumfuna biyu jikin juna. Tasa ita ce wannan da aka mayar gidan kallon ƙwallo, wadda kuke jira a buɗe muku. Bayan 'yan shekaru Ɗanlami ya zo da ƙaramin injin feƙe ƙarfe, shi ke huda tsakiyar fuli ya gyara masa hanyar bel. Sai Emeka, haifaffen Funtuwa, ya buɗe shagon boris da bel da noti a bakin titi. Ka ga mu huɗu ke nan. Manomi ya sauke injinsa da hantsi, in buɗe in ga ciwon, in leƙa ta katanga in ce Bitrus ba ni fuli mai inci kaza, domin da rani yake zuba su da yawa ya ajiye. Ɗanlami ya huda, Emeka ya miƙo boris, in ɗaure. Kafin la'asar mutum ya ɗora kayansa ya tafi. Daga Kafur, daga Bakori, har daga bayan Ɗanja nan ake zuwa. Aiki da ƙafa yake yawo a layin nan, daga wannan rumfa zuwa waccan, ba ya hawa mota.

Maganar da kake yi, ɗan jami'a, ba yau aka fara ta a bencin nan ba. Duk sanda aka ɗauke wuta nan muke taruwa, kuma shugaban gardamar Malam Ayuba ne, wani tsohon malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya ya rasa wanda zai koyar sai mu. Shi a wurinsa Turawa ne suka tsara abin tun farko. Ya ce sun shimfiɗa dogo da titi ba don mu riƙa ziyartar juna ba, sai don auduga da gyaɗa su fita.

"Ku dubi kowace hanya a ƙasar nan," in ji shi, "fita take yi. Auduga ta tafi a buhu ta dawo a atamfa. Tumatir ya tafi a kwando ya dawo a gwangwani. Amfanin kuwa yana can zaune inda aka canja wa abin kama."

Emeka ya ce, "Haba Malam, a bar Bature ya huta haka nan. Kasuwa mutane take bi. Inda aka taru nan kaya ke sauƙi, inda kaya ke sauƙi nan ake ƙara taruwa. Ni idan na je sari, a layi ɗaya nake samun abin da zan yi wata ina nema a nan."

Ɗanlami ya ce duk ba haka ba ne, inda gwamna yake kwana nan wutar lantarki take kwana, sauranmu sai abin da ya ragu. Wani Alhaji mai injuna uku ya ce zuciya ce ba mu da ita, da mun sayar da amfanin gona sai mu miƙe ƙafa har wata daminar. Akwai mai cewa rabo ne kawai, a daina wahalar da baki. Bitrus ba ya shiga. Sau ɗaya aka matsa masa ya faɗi nasa, ya ce shi dai a ba shi busasshen yashi, aka yi ta dariya. Ni kuwa nawa ra'ayin ɗaya ne, kuma na fi kowa ɗaga murya a kansa. Na ce 'yan gudu ne suka kashe mu. Duk wanda ya iya wani abu sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi birni, sannan ya dawo da sallah yana yi mana kallon 'yan ƙauye. Na ce ni da gawata za a fitar da ni daga layin nan.

Aikin da ya raba mu na Hajiya Talatu ne, a shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Masara ta isa, an karya an tara a gonaki, sama kuwa kullum a haɗe. Duk ranar da rana ta ɗan leƙo, kowa so yake ya casa ya kwashe kafin hadari ya dawo. Masara mai danshi shaƙe inji take yi. Inji ya shaƙe, bel ya fizga, fuli ya tsage. Kafin a yi nisa duk ajiyar da Bitrus ya yi da rani ta ƙare ƙaf, yashinsa kuma ya ƙi bushewa.

Hajiya Talatu mutuniyar Tsiga ce, mijinta ya rasu ya bar mata inji ɗaya, da shi take riƙe gida. Ba aike ta yi ba, da kanta ta zo, da tsagaggen fulin a ƙunshe a zani.

"Malam Haruna, masarata ta fara baƙi ta ƙasa, ga ta mutane da na karɓa. Yaushe?"

Na zaga wurin Bitrus. Ya dunƙule yashi ya buɗe min tafinsa, ruwa yana ƙyalli a jiki.

"Kwana uku," ya ce, "in an yi rana."

"Ka soya yashin a wuta mana."

"Shi nake yi tun jiya. Gawayin ma a jiƙe yake. Gobe in zuba, jibi ya huce, gata Ɗanlami ya huda."

"Ka zuba yau, ka buɗe da yamma."

"Zai tarwatse ya ji wa wani ciwo a gona, Haruna. Da alamata a jiki."

Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce. Amma ga Hajiya tsaye, ga mutane cike da benci suna kallo, ni kuma da ma bakina ya fi hankalina sauri. Na ce, "To, zauna ka yi ta renon yashi. Su Kano ba su san damina ba." Na karɓi tsagaggen fulin na nufi tasha, na ba wani direban motar Kano na ce ya samo min irinsa. Washegari da hantsi sai ga shi, a hude, a gyare, sai ɗaurawa. Na ɗaura, Hajiya ta tafi tana ta sa min albarka, masararta ta tsira. Rana ta uku Bitrus ya kawo nasa kamar yadda ya faɗa. Na ce ai an riga an gama. Ya ajiye min a kan tebur ya juya.

Har gobe idan aka ce in sake zaɓa a kan fulin Hajiya, ban san abin da zan yi ba. Mace ce da masara tana ruɓewa. Amma na biyu da na uku da na hamsin ba su da wani uzuri. Ruwa ya ɗauke, yashi ya bushe, ni kuwa na riga na ɗanɗana sauƙi. In ba direba saƙo yau, gobe ya kawo, ba jira, ba girgiza kai, kuma da ɗan rangwame. Tun da direban zai tsaya a layin masu fuli a Kano, sai in ce ya haɗo min da boris, ai shagunan jikin juna suke. Sauran masu gyara a ƙauyuka suka ga abin da nake yi, su ma suka bi. Ko sau ɗaya ban zauna na ce ina cutar wani ba. A ganina fuli ne kawai.

Bitrus ya koma zuba tukwane da ludaya. Mutumin da ya iya fulin da kofin ruwa ba ya motsi a kansa, ga shi yana ciniki da mata a kan murfin tukunya. Muna gaisawa kullum, amma ya daina leƙowa ta katanga, ni ma girman kai ya hana ni leƙawa. Bayan kakar da ta biyo, wata safiya na iso na tarar ana loda akwatunan yashinsa a mota. Ya tako har nan inda nake tsaye.

"Haruna, zan gwada Kano."

"Ashe kai ma ka bi 'yan gudu."

Ya ce, "Ba gudu nake ba. Aikina nake bi, ya riga ni tafiya."

Ban raka shi mota ba. Na kunna walda na juya baya, don kada in ga tashinsu.

Daga nan abin ya yi ta zarewa. Ɗanlami ya rasa abin hudawa, tun da na Kano a hude suke zuwa. Ya yi ta jira shekara guda, sannan ya ɗora injinsa a mota ya yi Kaduna. Emeka ne ya fi daɗewa. Ran da zai rufe shago na je ina yi masa faɗa, na ce kai da aka haifa a ƙasar nan ina za ka. Ya ce, "Oga Haruna, wanda ya aika Kano sayen fuli ba zai dawo nan sayen boris ba. Kai ma yaushe rabonka da shagona?" Ya koma Funtuwa, daga baya na ji shi ma ya wuce gaba. Malam Ayuba ya rasu, aka rasa mai tayar da gardama, bencin ya zama na kowa da kowa.

Ba ku san aikin mutum ɗaya ba. Sandar ganga doguwa ce, tana da nauyi, mutum biyu take so, ɗaya ya riƙe ɗaya ya saita. Yanzu igiya nake ɗaurawa a katakon rufi ta riƙe min gefe ɗaya. Na fi shekara ina kama kaina ina cewa riƙe nan, ba kowa a wurin. Abincin rana da muke haɗa kwanuka huɗu a kan tabarma ɗaya, yanzu a tsaye nake ci, ina kallon titi. Injin da a da ake gamawa kafin la'asar, yau noti ɗaya ya ɓace sai an jira motar gobe. Manoman da ke da hali suka fara wuce ni, su loda injin gaba ɗaya su kai birni, ni a bar min marasa kuɗin mota. Kaɗaici na ji, ba zan ɓoye muku ba, kuma har yanzu shi nake ji.

Wani inji nake haɗa wa wani mutumin Gozaki, shekaru sun riga sun ja, sai abin ya fito fili. Na ciro sabon fuli daga buhun da direba ya kawo, ina goge masa maiƙo da tsumma, yatsana ya shiga ta baya. Na ji tsaga. Na sake shafawa. Uku ne, a jere, aikin magagari. Na zazzage buhun a ƙasa na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Akwai wani inji da na haɗa bara aka kawo gyara, na cusa hannu a bayan fulinsa, shi ma haka. Na zauna a kan bencin nan. Ashe shekara da shekaru aikin Bitrus nake saye. Mai shago a Kano ya taɓa nasa, direba ya taɓa nasa, sannan ya iso wurina, abin da a da taku biyar ne tsakanina da shi.

Ran Talata na rufe rumfa na hau motar Kano. Direban ya nuna min shagon da yake saye, mai shagon ya haɗa ni da wani ya zaga da ni ta baya, cikin wani lungu da ƙarar ƙarfe ba ta bari ka ji maganar na kusa da kai. Can na hango shi tsugune a gaban akwatin yashi, kansa ya yi fari fat. Murhunsa ya ninka na da, fankar lantarki ce ke hura masa wuta, ga mutane suna aiki a ƙarƙashinsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Haruna. Ka tsufa."

"Kai ma ba yarinta ka ƙara ba."

Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya aika aka sayo mana shinkafa da wake. Sai da muka ci na faɗi abin da ya kawo ni, domin tun a mota nake maimaita shi. Na ce na yi masa ba daidai ba. Na ce rumfarsa tana nan, zan yi magana da mai gidan kallon ya tashi, kuma daga ranar ba zan ƙara sayen fuli a hannun kowa ba sai nasa.

"Wancan ya wuce," ya ce. "Tashi ka ga wani abu."

Ya zaga da ni lungun. Jikin rumfarsa mai sayar da tsofaffin fistin ne, ba sai ya yi yawon garejoji yana roƙo ba. Gaba kaɗan mai gawayi. Ga wani mutum da ba shi da sana'a sai kawo yashi, yana da rumfar kwano da ruwa ba ya taɓawa, ko a tsakiyar damina. Masu injin feƙe ƙarfe uku na ƙirga a lungun kaɗai. Muna tsaye wani ya zo daga Zamfara yana neman fuli, wani daga wajen Maraɗi.

"A can mutum nawa ne ke sayen fulina?" ya ce. "Kai kaɗai ne babba. Ran da ka yi fushi, kasuwata gaba ɗaya ta yi fushi. A nan idan ɗaya ya juya baya, wani yana tsaye a bayansa. To, a ce na koma. Wa zai huda min?"

Sai ya ƙara wata tambayar.

"Wa ya rage a layin?"

"Ni."

Sai ya nuna min wata rumfa a kulle, taku kaɗan daga tasa. Ya ce mai ita ya tashi, in ina so zai yi min magana yau ɗin nan, hannu irin nawa ba zai wuni ba aiki ba a wurin. Ku ji ni da kyau, ni da na ce da gawata za a fitar da ni, wallahi sai da na auna faɗin rumfar da ido. Na hango inda zan ajiye injin walda. Na hango mutum ta katanga wanda zan ce wa riƙe nan ya riƙe. Sai na tuna injin Hajiya Talatu, da ɗanta ke yawo da shi yanzu, da irinsu da ba su da halin loda inji zuwa birni saboda tazarar yatsa biyu. Ko wannan ne ya hana ni, ko tsohon girman kan ne, har yau ban tantance ba. Na ce masa a'a.

Bai matsa ba. Ya shiga ciki ya fito da wani abu a ƙunshe a takardar siminti. Samfurinsa na farko ne, wanda ya sassaƙa da icen maɗaci a shagon Baba Lasisi, ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu.

"Tafi da shi. Ka nemo wanda zai zuba. In ka samu, turo min shi wata shida in koya masa." Sai ya yi 'yar dariya. "Amma ka san in ya zo, ba lalle ya koma ba."

Ya rako ni har bakin titi, abin da ni ban yi masa ba. Na dawo gida da samfurin a cinya, da buhun fuli a bayan mota, domin akwai injin mutane da ke jira.

To, ɗan jami'a, abin da ke cikin littafinka ban ƙaryata ba. Malam Ayuba yana da gaskiya, hanyoyin fita suke yi. Ɗanlami yana da gaskiya, ga shi ma muna zaune ba wuta. Emeka ya fi su kusa. Abin da ni na gani da idona shi ne, ba wanda ya zo da mota ya kwashe layin nan rana ɗaya. Da fuli ɗaya-ɗaya muka aika da shi, kowane da dalilinsa mai kyau. Aiki ya fara tafiya, mai aikin ya bi shi, na kusa da shi ya rasa abin yi shi ma ya bi. Can ya ƙara cika, ya ƙara sauƙi, nan ya ƙara wuya, sai mu ƙara aikawa. Idan malamanka suna da suna da suke kiran wannan, ka faɗa musu akwai wani tsoho a Malumfashi da ya yi shi da hannunsa.

Samfurin ga shi can a ƙusa, daidai saman kanku. Shekara huɗu ke nan yana rataye. Akwatin yashi ma na haɗa, yana bayan rumfa, kaji suna ƙwai a ciki. Samari nawa ne suka zauna a bencin nan, da yawansu sun ja ni gefe sun tambaye ni ko na san wani a Kano da zai karɓe su. Ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya ce, Baba, wannan katakon na mene ne.

Ku matsa min in wuce. Motar Kano ta kusa shigowa tasha, akwai saƙona a ciki.